Maɗaurin Haɓa

Zabairu ya shigo rumfata da hantsi,
huluna biyu cikin buhun siminti.
Ya ce, "Baba, idonka na zo aro.
Akwai wani a ƙetare mai tara kayan yaƙi,
ya ce in ta sojan Italiya ce ta gaske,
kuɗinta ya sayi raƙumi har da akala."

Na ce ajiye. Ido daga baya yake zuwa,
hanci ke fara gaisawa da tsohon kaya.

Ta farko ta sha kyau,
tambarin tagulla a goshi, tuta mai launi uku a bayansa,
ga datti ko'ina daidai wa daida,
kamar wanda aka raba da awo.
Na sunsuna. Shayi ne, ba gumi ba.
Gumin mutum ba ya zagaye hula da adalci,
goshi yake ci, ya bar ƙeya.
Na zare silin zare, na ƙyasta ashana:
ya dunƙule baƙi ƙirin, yana warin leda.
Auduga toka take zama, Zabairu,
ba ta yi wa wuta gardama.
Wannan ko jikata ya girme ta.

Ta biyu kuwa ba mai ɗaga ta a Kasuwar Dole.
Gara ta yi kalaci da gefenta,
baki ya lotsa, tambari ya tafi
ya bar huda biyu da inuwarsa a kan yadi.
Ba nauyi, kamar busasshen duma.
Na tura yatsa ta inda ta yage,
ɓawon itacen ciki ya marmashe mini a farce.
Ƙoƙon iska na tsakar ka ya ƙi juyawa, tsatsa ta aure shi.
Can ciki ga hatimi, tawada ta kusa sallama,
lamba biyar da bakwai,
sai rabin sunan wani da bai koma gida da ita ba,
ko ya koma, kansa a buɗe.

Har da gashin kaza a maƙale.
Wata ta yi kwanci a nan, ta ƙyanƙyashe.

Sai na kai ga maɗaurin haɓa,
na yi shiru.

Fatar akuya ce, jimar bagaruwa,
ba jimar Turawa ba.
Ɗinki biyu gaba, ɗaya baya, ƙulli a karkace
irin na mai aiki da hagu.
A duk Birni da Zango
mutum ɗaya ne basillarsa ke tafiya haka.
Tankari. Ubana.
Na tuna wani Batube da ya sauko da ayarin gishiri,
ina yaro, ina riƙe wa Baba bakin fata,
ya ce daga Murzuƙ ya samo ta, igiyar ta tsinke a Tanut,
a yi masa wadda iska ba za ta ƙwace ba.
Dabino mudu guda ya biya.
Ni na ci rabi.

Zabairu ya karanta wa mai saye a waya.
Amsa ta dawo kafin shayi ya tafasa:
hula ta gaske ce, madalla,
amma maɗaurin gyaran baya ne, ya rage mata daraja,
a cire kashi uku cikin goma.

Na ce to, kada a cuce shi.
Na ɗauki aska, na warware ƙullin a hankali,
yadda ake kwance wa mai barci takalmi.
Ku kai masa yaƙinsa tsantsa.

Hula ta tafi Yamai a motar dare.
Igiyar tana nan a ƙusa, kusa da basilla,
taƙi ɗaya da rabi,
har yanzu da lanƙwasar haɓar wani a jikinta.